Tambaya da Amsa: Zaɓen hedfon mai kashe ƙara don ƙaramin jirgin da aka haɗa da hannu

Wasiƙun wannan karon daga masu haɗa ƙananan jiragen sama da hannunsu suka zo, kuma kusan dukkansu a kan kunne suke magana. Mun taƙaita su, mun haɗe masu kama da juna.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kusa gama haɗa jirgi mai kujera biyu, jikin alminiyam, injin Lycoming O-320 da farfela mai fiffike biyu. Ban sa masa soson rage ƙara ba don gudun nauyi. Abokaina sun rabu biyu: wasu sun ce hedfon irin na da, mai toshe kunne kawai, ya isa, wasu sun ce sai mai batir. Kuɗin mai batir ya ninka wancan kusan sau uku. Ya cancanci kuɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, a jirgi irin naka ya cancanta, kuma dalilin na cikin lissafin injinka. Idan kana tafiya a juyi 2,400 a minti, farfela na zagayawa sau 40 a daƙiƙa. Fiffikenta biyu, don haka sau 80 take dukan iska. Inji mai silinda huɗu shi ma sau biyu yake tashin wuta a kowane juyi, wato sau 80 a daƙiƙa. Su biyun sun haɗu a hatz 80, sai ninkinsu a 160 da 240. Wannan ita ce kakkaurar ƙarar da ake ji har a ƙirji, kuma jikin alminiyam marar soso amsa mata yake yi kamar ganga.

Hedfon mai toshewa kawai, da kaurin ƙoƙonsa da soson ciki da matsin da yake yi wa kai yake aiki. Gwani ne a kan siririyar ƙara, irin shuuu ɗin iska, amma kakkaura ratsa shi take yi. Lambar da ake bugawa a kwali, kamar rage ƙara da desibel 23 (desibel ma'aunin ƙarfin ƙara ne) na hedfon David Clark H10-13.4, awon ɗakin gwaji ne da aka tattara daga sauti iri-iri. A hatz 80 ba za ka sami ko kusa da haka ba. Mai batir kuwa, wanda ake rubuta wa ANR, akwai ɗan makirfo a cikin ƙoƙonsa da ke sauraron ƙarar da ta shigo. Sai lasifika ta fitar da kishiyarta, inda waccan ta tura wannan ta ja, su cinye juna kafin su kai dodon kunne. Dabarar ta fi ci a kan sauti mai kauri mai maimaita kansa, daga wajen hatz 50 zuwa 300 ko 400. Tana doshin 1,000 ta yi sanyi, sai ƙoƙo da soso su karɓi aikin. Wato inda ta fi ƙarfi, nan ne injinka ya fi ɓarna.

Maganar ta wuce ta jin daɗi. Ma'aunin cibiyar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, shi ne desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa ɗaya, 100 minti 15 kacal. Ƙananan jirage masu injin fistin galibi tsakanin 85 da 100 suke, marasa soso kuma can sama suke zama, musamman wajen tashi. Jin da ya tafi ta wannan hanyar ba ya dawowa. Ga kuma gajiya: mutum ya sauka bayan awa uku kansa na sarawa, yana ta cewa hasumiyar filin jirgi ta maimaita saƙonta a rediyo.

A gefe guda, dabarar ma a jirgin gwaji ta fara suna. Dick Rutan da Jeana Yeager sun sa samfurin farko na Bose a watan Disamba na 1986, lokacin da suka zaga duniya cikin kwana tara a jirgin Voyager ba tare da sauka ko shan mai ba. Sai 1989 kamfanin ya fitar da shi kasuwa.

A yau waɗanda aka fi gani su ne Bose A20 da ya fito a 2010, A30 da ya gaje shi a 2023, Lightspeed Zulu 3, da David Clark DC ONE-X. Nauyinsu daga wajen giram 340 zuwa ɗan sama da 400 ne. Ra'ayinmu shi ne bambancin da ke tsakaninsu wajen kashe ƙara bai kai bambancin da ke tsakanin kawunan mutane ba. Wanda ya zauna daram a kan wani, ga wani yana matse masa saman kunne bayan minti 40. Don haka kada ka yanke hukunci a tsaye a gaban kanta. Ari, ko ka nemi mai sayarwa da ke ba da kwana 30 na gwaji, ka tashi da shi awa ɗaya aƙalla, a jirgi irin naka. Ka saurare shi lokacin da maƙura, wato totur ɗin inji, take a buɗe gaba ɗaya, don wasu a nan suke fara kakkarwa idan ƙara ta fi ƙarfinsu. Ka waiwaya hagu da dama sosai. Sannan, a sama kana tafiya lafiya, ka kashe batirin da gangan na minti ɗaya. Abin da ka ji shi za ka ji ranar da batir ya mutu. Masu sauƙin nauyi da sassaucin matsi su suka fi barin kunne tsirara a wannan halin, kuma gara ka sani tun yanzu.

Tambaya: Ina sa tabarau na magani. Sabon hedfon ɗina yakan yi bub-bub-bub a kunnen hagu idan na juya kai ko na buɗe maƙura. Lalatacce aka sayar mini? Ni mace ce, kuma gashina na da yawa, ko yana da nasaba?

Amsa: Malama, da wuya ya zama lalatacce. Kusan kullum wannan alamar ɓaraka ce a matashin kunne. Na'urar an gina ta ne a kan cewa iskar da ke cikin ƙoƙo a rufe take. Da hannun tabarau ya ɗaga matashin ko da milimita biyu, ƙarar waje ta kwararo, lasifika ta yi ta ƙoƙarin cike ramin da ba ya cikuwa, har ta kai iyakarta ta soma bugawa.

Gwajin ba wuya. Lokacin da yake bugawar, ki danna ƙoƙon hagu da tafin hannu. Idan ya yi shiru, ɓaraka ce. Sai ki cire tabarau na ɗan lokaci, a ƙasa ba a sama ba, ki sake saurara. Maganin farko tabarau mai sirirai kuma shimfiɗaɗɗun hannuwa, waɗanda ke kwanciya a jikin kai. Gashi, bakin hula, ko yadin da ya naɗe a ƙarƙashin matashi duk haka suke yi. A gyara su ya zama matashin ya kewaye kunne a wuri mai santsi, ba ƙulli ba dunƙule. A duba tsawon maɗaurin kai ma: idan ya yi tsawo, ƙoƙon yakan sauko kan ƙashin muƙamuƙi, sai duk lokacin da kika buɗe baki ya ɗaga.

Matashin kansa yana tsufa. Gumi da man fuska suna busar da fatarsa, soson ciki ya kwanta ya daina dawowa. Bose ta ce a canja na A20 duk wata shida ko awa 350 na aiki. Mutane da yawa sukan kai shekara, amma da zarar fatar ta fara ɓarewa tana barin baƙin gari a wuyan riga, lokaci ya wuce. Idan kin danna da hannu bugawar ba ta tsaya ba, ki sa sabon batir. Idan ta ci gaba, wannan kuma na garanti ne.

Tambaya: Ina kan haɗa wayoyin allon na'urori. In sa soket biyu irin na kowa ne, ko guda ɗaya mai ƙafa shida? Kuma da na gwada hedfon ɗin aboki, kunne ɗaya kawai ke magana.

Amsa: Malam, sa duka biyun, a jere da juna a kan wayoyi ɗaya. Ƙarin nauyin bai taka kara ya karya ba, kuma yanzu da allon ke buɗe aikin awa ɗaya ne, bayan an rufe shi kuwa aikin yini ne a kwance da ƙafafu a sama.

Fulogi biyun da aka saba, na kunne kaurinsa milimita 6.35 ne, ana kiransa PJ-055. Na makirfo ya ɗan fi siranta, wajen milimita 5.2, shi ne PJ-068. An bambanta su ne don kada a musanya. Ba sa ɗauko wa na'urar kashe ƙara wuta, shi ya sa ake buƙatar batir AA biyu. Mai ƙafa shida, wanda ake kira LEMO, yana ɗauke da sauti da makirfo da wuta daga jirgi duk a waya ɗaya. A ba shi nasa ƙaramin fis, wanda bai kai amfiya ɗaya ba, daidai da abin da littafin hedfon ɗin ya faɗa. Amfanin barin tsofaffin soket biyun shi ne duk baƙon da ya zo da nasa zai samu wurin sawa. Kada a saya mai fulogin U-174, na helikwafta ne, ko XLR mai ƙafa biyar, na manyan jirage irin Airbus. Haka kuma rarar kayan soja, komai arharsu: makirfonsu na wajen om 5 ne, ba zai yi magana da rediyon farar hula ba sai da na'urar daidaitawa, don rediyon makirfo mai jan wutar volt 8 zuwa 16 yake jira.

Batun kunne ɗaya kuwa rikicin mono da sitiriyo ne. Soket ɗinka mono ne, hedfon ɗin abokinka an saita shi a sitiriyo, sai hagu kaɗai ya samu sauti. Akwai ɗan makunni, sau da yawa a cikin gidan batir, a mayar da shi mono. Akasin haka ya fi illa: fulogin mono a soket na sitiriyo yana haɗa layin dama da at (wato layin ƙasa na wuta) kai tsaye, wasu intakom, na'urar da mutanen cikin jirgi ke magana da juna ta cikinta, ba sa jure wannan. Idan sitiriyo za ka haɗa, ka sa makunnin mono a gefen soket ɗin fasinja.

Wurin da za a kafa su ma abin tunani ne. Bayan kafaɗa ya fi, don waya ba ta gilma kan sandar tuƙi. Kada bakinsu ya kalli sama, ƙura da ruwa za su taru a ciki, kada kuma a sa su inda gwiwa ko gwiwar hannu za ta karya fulogi wajen shiga.

Tambaya: Jirgina na faiba ne, injin Rotax 912. Na sayi hedfon mai tsada don in huta, sai ga wani siririn kuka yana bin juyin inji, kuma idan na danna maɓallin magana yakan yi ƙiiii har hasumiya ta kasa ji na. Da tsohon hedfon ɗina ban lura da kukan ba. In mayar da shi?

Amsa: Kada ka mayar, Malam. Kukan yana nan tun da, rugugin inji ne ya binne shi. Sabon ya share rugugin, sai abin da ke ƙasa ya fito fili. Na'urar kashe ƙara sautin da ya zo ta iska take yaƙa. Wanda ya biyo waya, a wurinta saƙo ne, isar da shi za ta yi tsaf.

Bi shi da sannu a ƙasa, tayoyi a tokare, birki a danne. Da farko rage sautin rediyo zuwa ƙarshe. Idan kukan ya ragu tare da shi, ta eriya ko wutar rediyo yake shigowa. Idan bai motsa ba, yana cikin wayoyin intakom. Sannan ka saurari irinsa. Siririn kuka mai hawa da sauka da juyi na janareta ne. A Rotax 912 littafin kafawa ya ce a sa kafasita mai maikirofarad 22,000, volt 25, a bayan regileta, ka tabbata tana nan kuma ƙafafunta a ɗaure suke. Ƙas-ƙas mai sauri da ke bin juyi na wutar fulogin inji ne, zai canja idan ka kashe ɗaya daga layukan wutar inji biyu wajen gwaji. Tak, tak mai tazara ɗaya ko da juyi ya canja, fitilun walƙiya ne. Shuuu da ke buɗe rediyo ba dalili kuwa, fara da zare cajar waya mai arha da kashe fitilun LED, ɗaya bayan ɗaya.

Laifin da ya fi yawa a jiragen da aka haɗa da hannu shi ne soket da ya taɓa ƙarfen allo. Dole a raba su da washa biyu na roba, ɗaya mai kafaɗa da ke shiga cikin ramin, ɗaya shimfiɗaɗɗe. Wayar at ta sauti ta koma intakom ita kaɗai, ragar da ke lulluɓe da waya kuma a gefen intakom kawai ake haɗa ta, a bar ɗaya gefen a yanke a rufe. Idan an haɗa at a wuri biyu, wutar fitilu da famfon mai na samun gajeriyar hanya ta cikin wayar kunnenka. Gwaji: zare mahaɗin intakom, sa mita tsakanin jikin soket da allo. Idan ta nuna haɗi, ka kama ɓarawon.

Ƙiiii na lokacin magana wani abu ne daban. Wutar da rediyo ke watsawa ce take komowa ta wayar hedfon. Jikin alminiyam yana zame wa eriya shimfiɗar da take buƙata a gindinta, faiba ba ya yi. Rediyon jirgi tsakanin megahatz 118 da 137 yake aiki, sandar eriya wajen santimita 55 zuwa 60 ce, kuma tana son faifan alminiyam, ko zirin tagulla huɗu masu kusan wannan tsawon, a bazu daga gindinta. A auna SWR, wato awon yadda eriya ta dace da rediyo, a nemi ƙasa da 2. A nisanta eriya da kai da wayoyin sauti mita ɗaya ko fiye, kada wayar eriya ta bi damin wayoyin intakom. Zoben ferait da ake maƙalawa a wayar hedfon kusa da fulogi yakan taimaka, amma bayan an gyara eriya. Mai amfani da rediyon hannu da gajeriyar eriyar roba a cikin jirgi, shi kam ya san inda zai fara.

Tambaya: Zan fara awannin gwajin sabon jirgi. Ina tsoron kada hedfon ya ɓoye mini ƙarar inji idan wani abu ya soma lalacewa.

Amsa: Tsoron na da tushe, amma ba a inda ka ɗora shi ba. Rugugi mai maimaita kansa ake ragewa. Tuntuɓen inji, ƙwanƙwasar ƙarfe, tsagewar salansa, duk suna da siririn ɓangare da ke wucewa, ga jijjigar da ake ji a kujera da ƙafa. Matuƙa da yawa sun fi jin su da na'urar a kunne. Sharaɗin shi ne ka saba da muryar injinka ta cikin hedfon ɗin da za ka riƙa sawa, tun daga gwajin ƙasa. Kada ka canja hedfon a ranar tashin farko.

Inda haɗarin yake shi ne ƙararrawa. Hukumar FAA ta Amurka, mai kula da harkar jiragen sama, ta fitar da sanarwa a 2007 tana jan hankalin matuƙa su tabbatar suna jin ƙararrawar gargaɗi da irin waɗannan hedfon. Idan ƙahon da ke gargaɗin fiffike ya kusa daina ɗaukar jirgi a bayan allo yake shi kaɗai, ka gwada shi inji na juyin tafiya, hedfon a kunne. Mafi kyau a shigar da duk gargaɗi cikin intakom ta layin da ba ya yin shiru idan rediyo ko kiɗa na aiki. Bluetooth kuma a kashe shi har awannin gwaji su ƙare.

Tambaya: Jirgin mahaifina buɗaɗɗe ne, ba murfi. Nawa kuma murfin gilashi ne, amma ni dogo ne, gammon hedfon na gogar gilashin. Me ya dace da mu?

Amsa: Ku biyun wataƙila hanya ɗaya za ta fisshe ku, wato irin da ake cusawa cikin kunne, kamar Clarity Aloft. Ba batir, ba gammo, siririn ƙarfe ne ke zagayawa ta ƙeya, nauyinsa bai kai giram 60 ba, tabarau kuma bai dame shi ba. Soson da ke toshe ramin kunne yana rage ƙara sosai, har kakkaurar, muddin an sa shi daidai: a murza shi ya sirance, a kama saman kunne da ɗaya hannun a ja sama da baya, a tura, a riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30 ya kumbura. Wanda aka ɗora a bakin kunne kawai aikin banza ne. Soson yana datti, ana canja shi a kai a kai, kuma akwai mutanen da ramin kunnensu ba ya jurewa. Ga mai juyi a sama akwai ƙarin riba: hedfon mai giram 400 yakan koma kilo 1.6 a wuya idan nauyi ya ninka huɗu.

Shi Baba, iska ce abokiyar gabarsa. Tana kaɗa ƙoƙo tana ɗaga matashi, na'urar kashe ƙara ta ruɗe. Ya sa na cikin kunne a ƙarƙashin hular fata ko ta kwano. Makirfo kuma ya sa masa soso da rigar fata mai ɗan rami, ramin ya kalli baki. Makirfon jirgi ta fuska biyu yake shan sauti, yana soke abin da ya zo wa fuskokin daidai, shi ya sa sai ya kusa taɓa leɓe yake aiki, har in an turo baki a taɓa shi. Idan intakom na buɗewa da kansa saboda iska, a mayar da shi na dannawa.

Tambaya: Ina da hedfon na jin kiɗa mai kashe ƙara. In saya masa makirfon da ake maƙalawa?

Amsa: A jirgi mai shiru yana yi. A irin waɗanda ake haɗawa da hannu kuwa, ƙoƙonsa ƙarami ne, matsinsa kaɗan, kuma ba a gina shi don desibel 95 zuwa sama ba. Wasu hedfon ɗin suna mutuwa da kansu bayan ɗan lokaci, wasu idan caji ya ƙare sautin ma ɗaukewa yake yi. Na jirgi na gaskiya ko batir ya mutu rediyo na ci gaba da zuwa. Tambarin TSO-C139 na FAA ba dole ba ne ga mai tuƙin kansa a Amurka, amma alama ce an gwada kayan a zafi da sanyi da jijjiga. A ba fasinja, idan an gwada an gani.

Tambaya: Wane batir ya fi?

Amsa: Wanda littafin hedfon ɗin ya ce. Alkalin AA biyu sukan kai wajen awa 40 zuwa 45, Bluetooth da jirgi mai ƙara suna rage wannan sosai, don lasifika ta fi wahala. Masu caji volt 1.2 suke bayarwa maimakon 1.5, suna riƙe ƙarfinsu sannan su faɗi farat ɗaya, sai fitilar gargaɗi ta makara. Kada a gauraya sabo da tsoho. Idan jirgi zai yi wata a ajiye a cire su, don alkalin na zubar da farin gishiri ya cinye ƙarfen gidan batir. Guda biyu na ajiya su zauna a aljihun da hannu zai kai ana ɗaure da bel, kuma a koyi canja su da hannu ɗaya tun a ƙasa.